Neman littafin gyaran Fijon Baba

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Yau muka yaye tamfol daga kan motar Baba, Allah ya jiƙansa. Shekara shida ke nan tana fake a gindin darbejiyar ƙofar gida, tun ranar da ta yi zafi a hanyar Gwarzo aka jawo ta da igiya. Peugeot 504 ce fara, haɗin Kaduna, takardunta sun ce 1984. Tayoyi huɗu duk sun kwanta, ɓeraye sun yi ɗaki a kujerar baya, amma bodinta lafiya lau, tsatsa kaɗan ce a gindin ƙofofi. Da na zaro sandar awon baƙin mai sai na ga abin da ya manne mata kamar kunun gyaɗa. Ruwa ya shiga mai, kuma ya daɗe a ciki.

Yayyena sun fi son a kira 'yan gwangwan su auna ta a huta. Hajiya ta yi shiru, daga baya ta ce a cikinta aka kai ta asibiti haihuwar auta. Shi ke nan magana ta ƙare. Na ɗaukar mata alkawari, in Allah ya yarda a cikinta za ta je Idin ƙaramar Sallah.

Ni malamin lissafi ne, ban taɓa sauke inji ba. Abin da zan iya shi ne in nemo littafin gyaranta, in karanta, in tsaya a kan aikin da lambobi a hannuna. Wannan littafin rubutu na ware shi don haka, har da kuɗin da aka kashe.

Talata, 7 ga Janairu

An jawo ta garejin Kawu a Kwakwaci, ₦15,000. Ba dangin jini ba ne, abokin Baba ne kuma makanikensa, tun muna yara Kawu muke ce masa. Ya zagaya motar yana shafa ta, ya ce, "Malam, wannan ai 'yata ce, babu notin da ban taɓa ba a jikinta."

Matsalar ita ce idonsa ya yi rauni, yanzu zama yake a benci yana ba da umarni, yara ke riƙe sifana. Yaran kuwa a kan Corolla da Golf suka tashi, babban cikinsu ma bai taɓa buɗe injin Fijo ba. Na tambayi Kawu ko yana da littafi. Ya ce ya taɓa samun wani mai kauri da aka raba musu a wani kwas a Kaduna, ruwan sama ya ci shi a tsohon garejinsa. Ya nuna kansa da yatsa: "Sauran yana nan." Na yarda da shi. Amma abin da ke kansa sai ya bi ta hannun yaro ɗan shekara ashirin kafin ya isa jikin inji, a nan nake jin tsoro.

Mun yi da shi kada a buɗe komai sai na dawo da littafi.

Asabar, 11 ga Janairu

Wuni guda a kasuwa. Na fara da Kofar Ruwa, layin masu kayan Fijo. Kaya kam akwai, sabo da na hannu, tun daga fambel har giyabos guda. Littafi kuwa duk wanda na tambaya sai ya dube ni kamar na zo sayen gishiri a shagon takalma. Wani dattijo ya ce in gwada Panteka a Kaduna, wani ya ce masu littafi ai makarantu ne. Wani matashi ya ce, "Oga, me za ka yi da littafi, ka kawo tsohon kayan mu gwada maka da sabo." Haka cinikin yake tafiya, da ido da gwaji, kuma sau da yawa yana ɓillewa. Sai dai ido ba ya faɗa maka iya ƙarfin da za ka ɗaure noti.

Daga nan na wuce Sabon Gari, na bi masu tsofaffin littattafai. Na sami littattafan koyon kanikanci na makarantun fasaha, masu bayanin yadda kowane inji yake aiki. Na sayi ɗaya ₦2,500 don kaina, ko na san sunayen abubuwa. Na 504 babu.

Abin ya tsaya mini a rai a hanyar gida. Kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har 2006, shekara ashirin da uku bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta. Motar gwamnati ce, motar haya ce, akori-kurarta ta ɗauki hatsin rabin Arewa. Amma a ce duk Kano ba a samun littafinta a kan tebur.

Kuɗin Adaidaita da ruwa, ₦3,000.

Litinin, 13 ga Janairu

Jarrabawar gwaji a makaranta, ban je ko'ina ba. Na sayi data ₦5,000.

Laraba, 15 ga Janairu

Na yi asara, kuma gaggawata ce ta jawo.

Dare biyu ina bincike a intanet. Abin da ya fi yawa kyauta da Sifaniyanci yake, domin Ajantina ta haɗa 504 har 1999, masoyanta can suna da yawa. Amma ba na jin yaren, kuma tasu ta sha bamban da tamu a abubuwa da dama. Sai na faɗa wani shafi da ya ce yana da cikakken littafin gyara na kowace mota, dala goma sha biyar. Katina na naira ba ya biya a waje, na tura wa wani abokin aiki ₦25,000 ya biya mini da nasa na dala. Abin da ya sauko shafi sittin da 'yan kai ne: yadda ake kunna fitila, yadda ake canza taya, iskar da ake sa wa tayoyi. Littafin da ake saka wa mai sabuwar mota a aljihun gaba ne. Na rubuta musu sau biyu, shiru.

Da na san abin da na sani yau da ban biya ba. Littattafan mota iri uku ne, kuma masu sayarwa suna cakuɗa sunayensu da gangan. Akwai na mai mota, wanda na saya, amfaninsa kaɗan ne a gareji. Akwai na lambobin kaya, zane ne zalla, an wargaza kowane sashe an sa wa kowane wasa da noti lamba, yana da kyau wurin sayayya amma ba ya faɗin yadda ake haɗawa. Sai na gyara, shi ne mai faɗin me za ka fara kwancewa, tazarar da za ka bari, ƙarfin ɗauri. Shi ma kashi biyu ne, wanda kamfanin motar ya rubuta wa garejinsa, da wanda wasu masu ɗab'i suka yi don jama'a. A na jama'a sunaye biyu ke ta maimaituwa a kan 504, Haynes na Ingila da Revue Technique Automobile na Faransa.

Daga yau duk wanda zai sayar mini da littafi sai ya nuna mini shafin da aka jera awon inji. In babu wannan shafi babu ciniki.

Asabar, 18 ga Janairu

Alhamdu lillahi. Na ba da labarin asarata a ɗakin malamai, sai wata malama ta ce maƙwabcinsu tsohon malamin kanikanci ne a kwalejin fasaha, ya yi ritaya. Yau na je gidansa a Gwammaja. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da Haynes na 504 mai fetur a cikin leda, bangon ya rabu da jiki, gefen shafukan baƙi ƙirin da yatsun ɗalibai.

Bai yarda in tafi da shi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya haɗa ni da jikansa muka je mai fotokofi, ₦50 kowane shafi, da ɗauri ya tashi ₦14,500. Na tsaya a kan mai injin don kada hotuna su fito baƙi.

Littafin ya burge ni. Su Haynes mota suke samu su wargaza ta gaba ɗaya su sake haɗawa suna ɗaukar hoto, shi ya sa za ka ga hannun mutum riƙe da sifana a daidai inda naka zai shiga. Amma akwai cikas biyu. Sitiyarin motar da ke hotunan yana dama, irin na Ingila, tamu kuwa hagu, tunda Najeriya ta koma tuƙin hannun dama tun 1972. Wannan mai sauƙi ne. Babban shi ne ganye biyu na farkon babin inji babu su. Nan ne aka jera awo da ƙarfin ɗauri. Dattijon ya ce ɗalibai ne suka yage, don su ne shafukan da kowa yake so.

Wato ina da yadda ake yi, ba ni da nawa ake yi.

Laraba, 22 ga Janairu

Ranar ɓacin rai.

Jiya da dare ina karanta babin inji a hankali, da ƙamus a gefe, na iso wani gargaɗi. Injin 504 silif ɗinsa, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ba a manne suke da bulo, gangar jikin inji, ba. Kowane silif zaman kansa yake, ruwan lagireto yana zagaya shi kai tsaye, a gindinsa akwai wani siririn abin toshi da ke raba ruwa da baƙin mai. Tof silinda, murfin saman inji, shi ne ke danne su. Idan aka cire tof, dole a danne silif ɗin da ƙarfe da noti kafin a juya inji ko kaɗan, in ba haka ba fistin zai tura silif sama, toshin gindin ya motsa, ruwa ya sami hanya zuwa mai. Har cire tof ɗin ma ba a ɗaga shi tsaye, girgiza shi ake yi gefe ya saki tukuna.

Da safe kafin in shiga aji na biya gareji don in faɗa musu. Na tarar da tof a ƙasa a kan kwali. Kawu ya tafi jana'iza Ɗambatta tun shekaranjiya, babban yaron ya ga aiki ya yi sauƙi ya ce bari ya rage. Ya cire tof, kuma don ya ga ko fistin suna motsi ya sa sifana ya juya inji. Na sa yatsa a bakin silif na biyu, na ji ya ɗara 'yan uwansa tsawo, har farce yana kamawa. Na uku ma ya motsa.

Na yi fushi, na kuma faɗi maganar da bai kamata ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Malam a Toyota haka muke yi." Gaskiya ya faɗa. A injinan da ya saba, ramin fistin a jikin bulo yake, ka juya yadda kake so. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wani iri. Bayan an tashi makaranta na koma na ba shi haƙuri, na buɗe masa hoton ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo.

Kawu ya dawo da yamma. Ya shafa bakin silif ɗin da tafin hannu, bai yi faɗa ba. Ya ce tunda dama ruwa ya shiga mai, wa ya sani ko toshin ya riga ya mutu, a sauke injin gaba ɗaya a yi aiki ɗaya. Aikin da na yi wa lissafin gasket da wankin lagireto ya koma sauke inji, ringi, toshin silif, da duba metal, wato abin da kiranshaf ke juyawa a kai.

Asabar, 25 ga Janairu

Na sayo cikakken saitin gasket a Kofar Ruwa, ₦38,000. Na ce wa mai shago na 504 mai lita biyu, domin takardar mota 1971cc ta ce. Muka ɗora gasket ɗin tof a kan bulo, sai ga ramukansa sun fi bakin silif faɗi. Yaron ya ce jabu ne. Kawu ya ce a kawo abin awo.

Na ari kalifa wurin mai injin dire na kusa. Faɗin silif milimita 84. Na zauna a benci na buga: faɗi 84, tafiyar fistin 81, silinda huɗu, ya ba ni 1796. Injin lita biyu, wanda Peugeot ke kira XN1, faɗinsa 88 ne, shi ke ba da 1971. Wanda ke cikin motarmu ƙaninsa ne, XM7. Daga waje kamarsu ɗaya, duka a kishingiɗe suke gefe guda. Na sake duban kafireto, Solex ne mai maƙogwaro ɗaya. Mako guda ina karanta bayanin mai maƙogwaro biyu.

Kawu ya dafa kai. Ya ce tabbas an taɓa canza mata inji, amma ba a wurinsa ba, lokacin ya tafi aikin Hajji ya daɗe. Da dare na tambayi Hajiya. Ba ta ko yi tunani ba, ta ce shekarar da aka yi wa auta kaciya ne, injin ya buga a hanyar Zariya, Baba ya sayar da bijimi biyu ya sayo wani. Babu takardar da ta rubuta wannan.

Wannan ya sauya mini tunani a kan neman littafi gaba ɗaya. Ina ta tambayar littafin 504 ta 1984, alhali motar da ta shekara arba'in a ƙasar nan ba lallai ta zama abin da takardarta ta ce ba. Inji na wata ne, wataƙila giyabos ma haka. Kafin a nemi littafi sai an bi mota gaɓa-gaɓa an rubuta abin da ke jikinta. Na yi haka yau: birkin gaba faifai, na baya ganga, akasil ɗin baya guda ne miƙaƙƙe, giya huɗu. Littafin yana da bayanin iri biyu a kusan kowanne, na bi da jan biro na yi wa namu alama.

Mai shago ya karɓi gasket ya canza mini, ya cire ₦3,000 don an buɗe leda.

Talata, 28 ga Janairu

Na kira ɗan gwaggona a Maraɗi. Can Faransanci suka yi a makaranta, kuma Peugeot ta zauna musu kamar yadda ta zauna mana. Na karanta masa sunan littafin harafi-harafi, na ce ya tabbatar akwai XM7 a ciki. Ya ce, "Yaya, ba ni kwana uku."

An sauke inji. An kai kiranshaf wurin awo.

Juma'a, 31 ga Janairu

Kiranshaf lafiya, gogewa kawai. Ringi da metal ₦62,000. Albashi bai shigo ba, na ranta.

Talata, 4 ga Fabrairu

Saƙon Maraɗi ya iso ta hannun direba, a cikin ambulan mai ruwan ƙasa da aka naɗe da salatif. Ɗan gwaggona ya samo shi wurin wani tsohon makanike, ya yi fotokofin babin inji da na lantarki, jaka huɗu na sefa. Ya ƙi karɓar kuɗinsa. Direba na ba shi ₦3,000.

Wannan littafin wani iri ne daban. Rubutu ƙanana, hoto kaɗan, zane da jadawali da yawa. Ba ya lallashin mai karatu, da makanike yake magana. Amma duk abin da aka yage daga wancan yana nan, XM7 da XN1 kowanne da layinsa.

Mun yi awa ɗaya da rabi a waya, ina karanto kalma yana fassara mini. Silif su chemise suke ce masa, wato riga. Tof silinda culasse. Fulogi kuwa bougie, shi ya sa makanikan can ke cewa buji. Ya ce in ya zo Kano gyara sai ya yi nuni da hannu, Hausa ɗaya amma kayan mota kowa da bakin wanda ya mulke shi.

Sai awo. Faransawa sun rubuta ƙarfin ɗauri da m.daN, abin da ya rage a na Ingila da lbf ft, sifanar awon da zan ara kuma Nm ne a jikinta. Nan dai aikina ne. Na farko a ninka da 10, na biyu a ninka da 1.356. Duk inda littattafan biyu suka ba da lambar abu ɗaya na juya su na gwada, sun hau juna, bambancin bai taka kara ya karya ba. Hankalina ya kwanta.

Na sayi sabon littafi mai bango mai tauri na fara kwashe abin da ya shafi motarmu kaɗai, da Hausa, da sunayen da ake faɗa a garejin Kawu. Shafi ɗaya aiki ɗaya, lambobi manya yadda za a gani daga tsaye. Ban taɓa cin karo da littafin gyaran mota da Hausa ba, kuma yaran nan da za su samu da sun karanta. Babban yaron boko ya tsaya masa a aji uku na sakandare, amma abin da na rubuta ya karance shi tas.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Zaunar da silif. Toshin gindi kauri daban-daban ne, ana zaɓar wanda zai sa bakin silif ya ɗara fuskar bulo da ɗan abin da bai kai kaurin takarda biyu ba, kuma huɗun su yi kusan daidai. Wannan ɗan tsinin shi gasket ke cizawa. In ya gaza, ruwa ya bi. Mai injin dire ya zo da agogon awonsa, ₦5,000. Sau uku muna cire na biyu muna sakewa. Da suka zauna, yaron da kansa ya yanko ƙarfe biyu ya huda ya danne su kafin a sa fistin. Ba wanda ya tuna masa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

An ɗora tof. Ɗauri daga tsakiya zuwa waje, hawa-hawa, kamar yadda zanen ya nuna. Na riƙe littafi ina kiran lamba, yaro yana ja har sifanar ta yi ƙas.

Wurin saita bawul abin da ya faru ya faranta mini rai. Littafin ya ce inji a sanyaye, na shiga 0.10, na fita 0.25. Na sayo ganyen awo sabo ₦4,000. Kawu ya sa hannu a aljihu ya fito da tsohuwar reza a naɗe cikin takarda, ya ce shi da wannan yake saita na shiga tun ina goye. Na karɓa na sa a kalifa. Milimita 0.10. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To Malam, Bature ya yarda da ni?" Na ce Kawu ya yarda. Na fita kuwa da jin hannu yake yi, ya saita ɗaya na bi da ganye, ya ɗan matse kaɗan. Ya ce a bi na littafi, hannu ya tsufa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An mayar da inji. Wankin lagireto ₦8,000, hos biyu da fambel ₦11,000, baƙin mai da filta ₦27,000.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Batir na aro. An zuba fetur a galan an ja tiyo, don tankin sai an wanke. Aka murza, kik yana juyawa, inji ya ƙi. Aka sake, sai kafireto ya yi tari ya tofo wuta, ƙaramin yaron ya yi tsalle baya. Aka duba kwantak, tazara 0.40, daidai. Fulogi suna ba da wuta. Jerin wayoyi 1-3-4-2, na karanta da bakina na kuma bi da yatsa. Kusan awa guda muna zagaye.

Kawu yana sallar La'asar duk wannan. Da ya sallame ya tambaya daga ina muka fara ƙirga ɗaya. Yaron ya nuna silindar gaba, ta wajen fanka. Kawu ya ce, "Fijo daga baya take ƙirge." Na buɗe na Faransa, ga shi a zane ƙuru-ƙuru, lamba ɗaya tana wajen kuloci. Na gani tun ran 4 ga wata, ban kwashe shi cikin littafina ba don ban ɗauka abin lura ba ne. Mu kuwa jerin daidai muka yi, sai dai kowace wuta tana zuwa ne lokacin da silindarta ke fitar da hayaƙi.

Aka juya wayoyi. Murzawa ɗaya, biyu, ta kama. Hayaƙi fari ya cika gareji, sannan ya washe, ta zauna tana wannan ƙara tata mai kauri da nake ji daga ɗaki in san Baba ya dawo. Na kira Hajiya na kara wayar a jikin inji. Ba ta ce komai ba, na ji tana jan hanci.

Mun bar ta minti ashirin. Allurar zafi ba ta aiki, da hannu Kawu yake taɓa hos. Mai ya fito a sanda garau.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wayarin. A nan littattafan biyu sun gaza mini. Zanen Faransa da lamba yake bin kowace waya, kuma a ƙarƙashin dashbod na ga ragowar na asali da lambobinsu. Amma shekara arba'in na masu wayarin sun bi ta kai, an yanke, an ƙara, an naɗe da salatif, akwai wayar rediyo da ke ɗauke da fitilar gaba. Kuma motar da aka zana ta Turai ce, akwai abubuwan da tamu ba ta zo da su ba. Mai wayarin ya ce a zare duka a ja sabo, ₦70,000 da kayansa. Na yarda, da sharaɗin zan zauna kusa da shi in zana duk wayar da ya ja, daga ina zuwa ina, wane launi, wane fis. Bai so ba da farko, ya ce zan rage masa sauri. Na ƙara masa ₦5,000.

Lissafi zuwa yau, har da dala goma sha biyar ɗin da ta tafi: ₦301,000 da 'yan kai, ban sa kuɗin hannun Kawu ba, ya ce sai mota ta hau titi. A ciki abin da neman littafi ya ci ya kusa ₦55,000.

Na mayar wa dattijon Gwammaja alheri, na kai masa kofin shafukan awo na Faransa tare da juyin da na yi, ya saka a inda aka yage.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Aiki zai koma safe zuwa Azahar.

Wayarin ya kai rabi, zanena ya cika shafi huɗu. Saura wankin tanki, birki gaba da baya, tayoyi huɗu, batir, kujerar baya, da sabunta takardu, wanda a ciki zan nemi a gyara girman inji ya koma 1796. Tayoyi su ne babban kuɗi, sai albashin Maris, ko in fara da biyu sabbi biyu na hannu. Littafin ya ce a sake bin ɗaurin tof da saitin bawul bayan ta ɗan yi tafiya, na rubuta a bangon littafina don kada a manta.

Babin birki na Faransa ba ya cikin abin da aka aiko, na Ingila kuma hoton gangar baya ya fito baƙi a fotokofi. Na tura wa ɗan gwaggona saƙo ya koma wurin tsohon nan. Babban yaron Kawu ya roƙi in bar masa littafin Hausar ya kwana da shi, wata akori-kura 504 ta shigo jiya da ruwa a mai. Na ce ya fara auna faɗin silif. Ya ce ya riga ya auna, 88 ne, shafin da zai yi masa aiki ban rubuta ba tukuna. Gobe bayan sahur zan zauna in kwashe masa layin XN1.